Gadon Inna da Mutanen Gwarzo

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a Kabo ta wancan zamanin macen da ta san ciwon kanta ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta cin abinci yana kallo. Ana yaye ni Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo ta goye ni zuwa Gwarzo. Can na tashi, can aka yi mini aure, can furfura ta same ni. Sai Inna ta samu abin fakewa, ta raɗa mini suna mutanen Gwarzo. In na yi sallama a tsakar gida, ko da ni kaɗai ce ƙwal da ƙunshin kayana a ka, sai a ji muryarta daga ɗaki: "Mutanen Gwarzo ne? A ba su ruwa." In zan tafi kuma, "A ce wa mutanen Gwarzo su gai da gida." Ina durƙushe a gabanta take ba da wannan saƙon, idonta a bango.

Ina yarinya abin yana ci mini rai ƙwarai. Gwaggo ta riƙe ni riƙon da ba ni da abin cewa sai addu'a, amma duk da haka in aka kawo ni Kabo hutu na ga ƙannena biyu, namijin da autarmu mace, suna tsalle-tsalle a kan gadon Inna, sai in zauna ina kallonsu. Ni wurina tabarmar bakin ƙofa ce. Babu wanda ya ce kada in hau, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kowa dai ya san wurinsa.

Gadon kuwa ba ƙaramin gado ba ne. Na ƙarfe ne mai rumfa, koren fenti, da 'yan madubai a allon kai da zanen furanni da suka fara gogewa. Mahaifinta ne ya sayo mata shi a birni lokacin aurenta, kuma an ce ranar da aka sauke shi a mota har daga wata unguwa mata suka zo kallo. Da ma can dogo ne, amma Inna ta sa aka ɗora ƙafafunsa a kan bulo, ta yadda sai ta taka kujerar tsuguno sannan ta hau. A ƙarƙashinsa kwalla ce da tasoshi da adudu, a samansa labule fari da take ja ta rufe kanta. An matse shi jikin bangon da 'yar tagar ɗakin take, irin ƙananan tagogin nan na ɗakin soro da ake yi can sama kusa da azara.

Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, lokacin da sabulu da madara suka zama sai an bi layi, kasuwar yadin Baba ta durƙushe. Dillaliya ta mai da gidanmu wurin zuwanta. Kwalla ta tafi, tasoshi suka tafi, kabad ɗin da Inna take ji da shi ya tafi, har ƙarƙashin gadon ya zama fili kaza tana shiga ta yi ƙwai. Da dillaliyar ta ɗaga ido ta fara shafa ƙarfen rumfar tana cewa akwai mai so, Inna ta ce mata ta gai da gida. A shekarun nan ne kuma sata ta yi yawa, Baba ya ƙara wa katangar gidan tsawo. Ba a yi mako ba Inna ta sa aka ƙara wa kowace ƙafar gado bulo ɗaya. Aka yi ta yi mata dariya. Baba ya ce in ta ci gaba a haka wata rana sai dai a fasa rufi a miƙa mata tuwo ta sama. Ni ma da na zo na gani na yi tawa dariyar, na ce a raina tsohuwar nan akwai son girma.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Baba ya riga ya rasu, hawan jini ya buge Inna. Tana saukowa da hantsi ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ta faɗo tun daga can sama. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya ɗan karkace, amma hankalinta garau, harshenta ma bai rasa kaifinsa ba. Da za a sallame mu daga asibiti likita ya yi mana bayani dalla-dalla: a shimfiɗa mata katifa a ƙasa, a riƙa juya ta a kai a kai don kada bayanta ya yi gyambo, a riƙa ba ta ruwa sosai. Muka ce to. Muna isa gida ta ga katifar a ƙasa, ta ce wallahi ba da ita ba. Aka ce to a cire bulon ko gadon ya ɗan sauko. Ta ce duk wanda ya taɓa bulon nan ba ta yafe ba. Haka ƙanena da wani maƙwabci suka cicciɓe ta suka mai da ita sama, suna haki.

Da farko auta ce take jinyar, don a nan Kabo take aure. To amma tana da tsohon ciki, hawa gadon nan ya fara gagararta, balle ɗaga mutum. Matar ƙanena kuma ga goyo ga ciwon baya. Ni ce yarana suka girma, ni ce hannuna yake sake. Malam, maigidana, bai ko bari na gama roƙo ba, ya ce, "Tashi ki tafi, wannan ai ba abin neman izini ba ne." Na haɗa kayana na hau motar Kabo, a kujerar baya inda aka fara ware wa mata, ina tafe ina tunanin yadda za a yi mace ta yi wa wadda ba ta iya haɗa ido da ita wanka.

Abin da na ji tsoro shi ya faru, har ya fi. In na kawo kunu sai ta juya fuska bango ta ce a ajiye. In na ce zan goge mata jiki sai ta ce a bari auta ta zo. Fo kuwa ko kusa, ba za ta buɗe baki ta nema ina ɗakin ba. Sai ta ɓullo da dabara, ta daina shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata. Leɓenta ya bushe ya tsattsage, idonta ya faɗa. Ranar da auta ta lallaɓa ta hau ta juya ta, ta sauko tana hawaye, ta ce fatar ƙugun Inna ta yi ja ta fara saɓulewa.

Ƙanena ya ce shi zai yi mata magana. A lokacin ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ba ya rabuwa da kaset ɗin wa'azi, kuma duk abin da ya gani sai ya nemo masa hukunci. Ya tsaya a gindin gadon ya ɗaga kai sama ya ce, "Inna, wannan kunyar fa ba ta cikin littafi. Al'ada ce kawai. Yanzu da Shari'a ta zo ya kamata a ajiye irin waɗannan abubuwan. Yaya 'yarki ce, haƙƙinta ne ta yi miki hidima."

Inna ta bari ya kai aya, sannan ta ce a hankali, da bakin nan nata da ya karkace, "Shari'ar ce ta ce ka tsaya mini a kai kana ɗaga murya?"

Ya sunkuyar da kai ya fita. Gaskiyarsa ce ya faɗa, amma ni kaina sai da na danne dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Washegari da azahar na kai mata ruwa a moɗa, na durƙusa na ce, "Inna, don girman Allah ko kurɓi ɗaya." Ta ce wa bango, "A ce wa mutanen Gwarzo su je su huta." Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba. Na fita na zaga bayan madafi na yi kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na haushi ne. Ina cewa a raina wato matar nan gara ta mutu da ƙishirwa da ta karɓi ruwa a hannuna. Ina share hawaye idona ya kai kan igiya, ga hijabin auta a shanye, irin manyan nan har ƙasa da mata suka fara yayi a shekarar. Ni a lokacin mayafi nake yafawa, ban taɓa saka irinsa ba. Ban tsaya shawara da kowa ba. Na zura shi, na ja shi har ya rufe mini goshi da haɓa, na fita ta zaure na tsaya a waje kaɗan, sannan na dawo na rangaɗa sallama da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Salamu alaikum, masu gida. Wata baiwar Allah ce. An ce akwai mara lafiya a ɗakin nan, na ce bari in shigo in samu lada."

Na tsaya a bakin ƙofa. Inna ba yarinya ba ce, ta san tafiyata, ta san tarina, ta san hijabin autarta. Can sai na ji gadon ya yi ƙara, ta ce, "Wa alaikumus salam. Maraba da baiwar Allah. Shigo mana, kin tsaya a rana."

Na shiga muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta baƙi, ina gajiya, ina gida, ya yara, ya muka ji da jiki. Na kira ta Iya, yadda baƙuwa za ta kira tsohuwar da ba ta sani ba. Na ce, "Iya, ga ruwa." Ta ce, "Kamar kin san ƙishirwa nake ji, 'yar nan." Na taka kujerar tsuguno, na hau gadon Inna karo na farko a rayuwata, ina da jikoki. Na tallafo kanta ta shanye moɗar nan tas, ta ce a ƙaro.

Daga ranar aiki ya samu hanya. In zan share tsakar gida ko in gaishe ta da safe, ni ce mutanen Gwarzo, ido a bango, saƙo ta bakin wani. In lokacin wanka ya yi, ko juyi, ko fo, sai in zura hijabi in yi sallama. Nakan zauna ta bayanta in jingina ta a ƙirjina, in goge ta da ruwan ɗumi, in shafa mata man kaɗanya. Jan da ke ƙugunta ya tsaya bai zama gyambo ba. Da ƙanena ya gane abin da ake ciki ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, anya wannan ba ƙarya ba ce?" Na ce masa, "Ni ba baiwar Allah ba ce?" Ya juya ya tafi ya sayo lemo da kankana.

Wahalar gadon dai tana nan. Hawa da ruwa, sauka da fo, ɗaga mutum a kan katifar da ke lotsawa, ga tsoron kada ta sake mirginowa. Bayana ya fara amsawa. Kuma ba zan dawwama a Kabo ba, ina da gida. Kowa ya san abin da ya dace shi ne a mai da ita Gwarzo wurina, kusa da asibiti, a kan katifa a ƙasa. Amma da an taɓo zancen sai ta ja labule da hannunta mai lafiya.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune a bayanta ina tsefe mata kai, kaina daidai da nata. Sai na ji wuyanta ya miƙe. Na bi inda take kallo. Ashe daga nan, daga daidai inda matashinta yake, 'yar tagar nan tana haye katanga ta kai ido har bakin titi, har gindin tsamiyar da motocin Gwarzo suke sauke fasinja. Daga ƙasa ba a ganin komai ta cikinta sai sama. Wata mota ce ta tsaya, mata suna fitowa daga baya da kayansu. Inna ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta saki wuya ta ce can ƙasa-ƙasa, irin maganar da baki ya saba da ita, "Ba su ba ne."

Hannuna ya tsaya a cikin gashinta. Na daure na ce, "Iya, wa kike hange?"

"Ina da mutane a Gwarzo," in ji ta. "Tun tana 'yar mitsitsiya aka tafi da ita. Ranar nan na hau nan na ja labule, don kada a ce ba ni da kunya. To ina kwance sai na ga ashe ana hango hanya. Na ga bayanta a goye har suka shiga mota." Ta mai da numfashi. "In za ta zo nakan riga kowa ganinta. In ga ko ta rame ko ta yi ƙiba, in ga irin zanin da ta ɗaura. In na gama kallona sai in juya bango kafin ta yi sallama. Da mahaifinsu ya ƙara katanga sai ya tare mini, shi ne na ƙara bulo. Suka yi ta dariya, wai son girma."

Hawaye yana zuba yana jiƙa hijabin auta.

"Ke baiwar Allah," ta ce, "ki rufa mini asiri. Kada ki faɗa mata."

Na ce, "Ba za ta ji a bakina ba, Iya."

Na ƙarasa kitson. Da na zo ɗaura mata ɗankwali na ce, "Ni kuwa Iya, da za ki koma can wurinsu, ai da kin huta da hange. Kullum suna gabanki." Sai bayan auta ta haihu an yi suna, ƙanena ya shigo gaisuwa, Inna ta ce masa, "A nemo mai kwance gadon nan."

Sai kuma rigimar inda za a kai shi. Ɗakina a Gwarzo ba zai ɗauke shi da katifar jinya ba. 'Yan matan lokacin kuma gadon katako suke so, ƙanena ya ce sai dai 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Inna ta yi masa wani kallo da ido ɗaya, bai sake ba. Ita da kanta ta aika aka kira wata maƙwabciyarta da mijinta ya rasu ya bar ta da 'yar da za a aurar bayan salla, ba ko tabarmar kirki. Matar ta durƙusa tana ta godiya har da kuka. Inna ta ce, "A ba ta har da labulen. Bulon dai a bar su, ita ba ta da wanda za ta hanga tukuna."

Ranar da za a kwance gadon, an sauko da Inna an kwantar a inuwar tsakar gida. Ba na cikin hijabi, ina tattara kaya. Sai na ji ta ce wa auta, "A ce wa mutanen Gwarzo su hau su kwance labule, su ne dogaye." Auta ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Na hau. Kafin in taɓa labulen na kwanta na ɗora kaina a gurbin da kanta ya yi, cikin ƙamshin turaren wuta da man kaɗanya, na kalli tsamiyar nan. Ban daɗe ba, don maƙeri yana zaure yana jira. Da ya fara dukan mahaɗan da suka yi tsatsa, kowane bugu sai Inna ta runtse ido, hawaye yana gangarowa ta ɓarin da yake da lafiya. Aka fita da shi gunduwa-gunduwa, allon madubin a ƙarshe. Ɗakin ya zama wani fili, sai bulo a kusurwa huɗu.

Inna ta yi shekaru a ɗakina a Gwarzo, a kan katifa a ƙasa, fuskarta tana kallon ƙofa. Na sayi hijabina na kaina na kafa masa ƙusa a bakin ƙofa. Yarana sukan tsokane ni, in sun ji ta yi gyaran murya sai su ce, "Umma, ana kiran baiwar Allah." Jinya ba wasa ba ce, akwai ranakun da na gaji har na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu, akwai ranakun da ta yi mini faɗa a kan gishirin miya. Amma a shekarun nan ne na san mahaifiyata. Ashe mai ban dariya ce, ta iya kwaikwayon muryar kowa, har ta Baba in yana ciniki. Ta ba baiwar Allah labarin ƙuruciyarta, da na haihuwar fari, da yadda nono ya yi ta zuba bayan an tafi da yarinyar. Duk abin da na yi shekaru ina jin an hana ni, sai ga shi ana ba ni a hannu, ta bayan hijabi. Na gode wa Allah da ya ja kwananta har na ji, na gode wa Malam da bai taɓa ɗaure fuska ba, na gode wa autarmu da igiyar shanyarta.

A damunarta ta ƙarshe, wata rana bayan la'asar, na wanke hijabin na shanya, ruwan sama ya sake jiƙa shi. Sai na ji tana nishi a ɗaki, irin na wanda ɓarinsa ya gaji da kwanciya. Na ruga na shiga, sai da na kai tsakiyar ɗaki na tuna kaina ɗankwali ne kawai. Na tsaya cak, ina shirin komawa. Ba ta juya bango ba. Ta dube ni sosai, tun daga kai har ƙafa, a hankali, ba gaggawa.

Ta ce, "Baiwar Allah ba ta nan?"

Na ce, "Ta ɗan fita, Inna."

Sannan ta miƙo hannunta mai lafiya ta ce, "To zo ki juya ni."

Na durƙusa na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta. Ina cikin juya ta ta riƙe mini wuyan hannu, ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

"Miki" ta ce, ba "a ce musu" ba. Kafin a yi girbi ta rasu. Sunana dai har ta koma ga Allah ba ta kira ba, ni kuma daga ranar nan ban ƙara jiran ta kira ba.